Abin Da Na Koyo A Tsibirin Kubrus

'Yar'uwa, ni da ko kwalekwalen Matan Fada ba na yarda in shiga idan mun je Argungu, sai ga ni tsakiyar Bahar Rum! Da hunturun bara Maigida ya ɗauke ni daga Birnin Kebbi zuwa tsibirin Kubrus.

A Larnaka, bakin tafkin gishiri, muka ziyarci kabarin Ummu Haram, sahabiyar da ta roƙi Annabi (SAW) addu'ar ta kasance cikin mayaƙan teku. Ta kuwa tsallako, zamanin Sayyidina Usman.

Wallahi sai hawaye. Shekara uku ina kunyar komawa Islamiyya, wai na girma. Muna dawowa na kai sunana. Ke fa, me ya tsare ki?