Daga Gada Zuwa Kakuri: Cigiyar Dagin Arewa

Da hantsi na shiga motar haya a bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, muka haye gadar kogin Kaduna, muka wuce tashar jirgin ƙasa, muka miƙi hanyar Kakuri. Bango na fito kallo, in ga tambarin da manyan gine-ginen kudancin birnin ke ɗauke da shi.

Tambarin farko da ya tare ni baƙo ne: zakin Peugeot, a masana'antar da ta fara harhaɗa motoci a 1975. Zakin nan mai tsayuwa da ƙafafun baya daga garkuwar lardin Franche-Comté na Faransa aka ɗauko shi. Turawa ba sa wasa da irin wannan. Bayan gobarar 1834 ta cinye majalisar Ingila, Augustus Pugin ya zana takardun manna wa bangon sabon ginin, ya cika su da furen gidan sarautar Tudor da ƙyauren ƙarfe mai kambi, ana bugawa da sassaƙaƙƙen katako, launi bayan launi.

Mu kuwa da hannun magini muka gaji yin namu, kamar yadda ake gani a fadar Zazzau, daga baya Sardauna ya mai da dagi alamar Jihar Arewa. Amma a Kakuri tufafi ne suka ɗauki zane. Nan aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, United Nigerian Textiles ta biyo a 1964 tana buga atamfa. Na bi gefen katangun masaƙun a ƙafa, ciyawa ta kai ƙugu, babu ƙarar inji ko ɗaya. Wani dattijo mai sayar da rake ya ce mini, "Ɗana, da can in aka tashi aiki, kekuna ba sa barin mota ta wuce."

A Barnawa na leƙa wani ɗakin taro ana shirin biki. Bangon ya sha takarda mai ruwan zinariya, furanni da kambin sarautar da ba ta kowa ba, daga Sin aka kawo. Ta yi kyau, ba laifi. Dagi sai a ƙyauren wani gida na gan shi, mai walda ne ya lanƙwasa shi da rodi.

Masu gina ɗakunan taro da ofisoshin gwamnati, ku nemi mazana na gida. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Zariya, tafiyar kamar sa'a guda.