Layar da Ba Ta Tsari

Akwai wani saurayi mutumin Rara ta ƙasar Rabah, wanda ya tafi Sakkwato ya koyi aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Hasken da ake ɗaukar hoton da shi, wani Bajamushe ne, Rontgen, ya gano shi a 1895. Ido ba ya ganinsa, jiki ba ya jin shigarsa, amma in ya yi yawa yakan ƙona fata, ya haddasa ciwon daji, ya taɓa ɗan da ke cikin uwa.

Saboda haka Gwamnati ta yi doka a 1995, ta kafa hukumar NNRA, wadda ba ta ba asibiti lasisin wannan na'ura sai yana da wanda aka horar kan tsare mutane daga hasken. Saurayin nan ya nemi horon. Ya koyi awo, ya san kaurin dalmar da ke tare hasken, ya haddace iyakar ma'aikaci, watau milisibat 20 a shekara. Ya ci jarrabawa, aka ba shi satifiket.

Da ya komo gida da kaka, sai mahaifinsa ya hangi wani ɗan abu maƙale a ƙirjinsa, ya ce, "Wane malami ya ba ka wannan laya?"

Ya ce, "Baba, ba ta tsare ni. Ita dai tana ƙidaya abin da jikina ya sha, in ya haura iyaka a janye ni daga ɗakin."

Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, marasa lafiyar fa, wa ke ƙidaya musu?"

Ya ce, "Ai satifiket ɗin ke nan, Baba. Ni ne."