Akwati Ba Ya Danna Ƙirji

Duk wanda ya taɓa shiga masana'anta, ko a Bompai ko a Kakuri, ya ga wani ɗan akwatin taimakon farko a jikin bango. Ba don ƙawa aka rataye shi ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ce ta wajabta shi, har ta ce in ma'aikata sun haura 150 a ƙara wani, kuma a damƙa kowanne a hannun mutum tsayayye da za a samu lokacin aiki.

To amma ni abin da ke damuna shi ne, wa ya koya wa mutumin nan abin da zai yi?

A wani dogon hutu na yi aikin wucin gadi a wata masaƙa. Ran nan da hantsi wani dattijo mai kula da sito ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya ɗauke. Ga akwati cike da auduga da bandeji, amma ba abin da zai yi masa. Aka taru a kansa, wannan na fifita, wancan na yayyafa ruwa, wani na cigiyar albasa. Sai wani yaro mai shara ya kutsa, ya durƙusa, ya ɗora hannuwansa a tsakiyar ƙirjin dattijon. Ya danna sau 30, ya hura masa iska sau 2, ya sake, bai tsaya ba har a cikin mota. Da sauran ransa aka isa asibiti. Da na tambayi yaron, ashe wajen 'yan agajin unguwarsu ya koya, ba ma'aikatar ce ta koya masa ba.

In zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wane likita ne zai iso kafin nan? Na kusa shi ne likitan. Saboda haka, a ganina, mai ma'aikata bai sauke nauyi ba sai ya horar da mutane a kowane sashe, har masu aikin dare, kuma ana sabunta musu horon. Ƙungiyar Red Cross na koyar da wannan.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne manajoji. Ranar da aka miƙa mana makullin ofis, mu fara tambaya: in wani ya faɗi yanzu, wa ya iya? Ai ba a fafa gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu, amin.