Tattaki A Bakin Kanal: Sadaka, Shela Da Gyaran Niyya



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwana matasa, akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, ita ce: shin ya halatta Musulmi ya ari dabarar tara kuɗin taimako daga mutanen da bai yarda da tafarkinsu ba? In kuma ya ara, yaya zai tsare niyyarsa alhali dabarar ba ta tafiya sai da shela?

A ƙasar Ingila akwai al'adar da suke yi ta tattaki don neman taimako. Mutum zai ɗauki alƙawarin taka wata tafiya mai nisa da ƙafa, 'yan'uwa da abokai kuma su yi alƙawarin ba da wani abu a kan kowane mil da ya taka, a ƙarshe a tattara a kai wa asibiti ko gidan marayu. Sau da yawa gefen magudanan ruwa suke bi, waɗanda aka haƙa tun ƙarni na 18 don jigilar gawayi da kayan masana'antu, domin kowace tana da 'yar hanya a gefenta wadda dawakai suke bi suna jan jiragen ruwa a da. Wadda ta haɗa Leeds da Liverpool tsawonta mil 127, an kammala ta a 1816, mai ƙafa kuwa sai ya yi kwanaki kafin ya ƙure ta. Cikin masu yin irin wannan tattaki har da 'yan ƙungiyar Freemason, wadda aka kafa babbar majalisarta ta farko a Landan a 1717. Matsayin malamanmu a kan ƙungiyar sananne ne, domin Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawar hana Musulmi shiga cikinta tun 1978. Don haka ba zancen ƙungiyar ne ya dame ni ba, zancen dabarar ne.

Shi tattaki ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk mun tuna 2015, lokacin da wani matashi ya tako daga Legas zuwa Abuja don murnar sakamakon zaɓe, daga nan wasu suka yi ta bin sahu daga garuruwa daban-daban. Ashe ƙafar muna da ita, juriyar ma muna da ita. Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu: don wa ake takawar, kuma wa zai amfana bayan ƙura ta lafa?

Mu mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam, Allah Ya ba mu tamu magudanar. An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Daga can ne ruwa yake gangarowa da kansa, ba tare da inji ba, ta babbar magudanar da manoma ke kira kanal, ya rabu reshen gabas da na yamma, ya shiga ƙananan hanyoyi har ya isa gonaki. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da aikin. Albarkacin wannan ruwa ne Kura ta yi suna a shinkafa, Kadawa da Kwanar Gafan suka yi suna a tumatir, ga alkama da albasa da masara a tsakiyar rani, lokacin da kakanninmu ba su da abin yi sai cirani ko noman jigo a bakin fadama.

Sai dai kowace ni'ima da tata jarrabawar. Ruwan da ke raya gona shi ne kuma yake rainon dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaro ya shiga wanka, ƙwayar ta ratsa fatarsa, bayan wani lokaci a ga jini a fitsarinsa, wasu iyaye ma su ɗauka alamar balaga ce. Maganin yana nan, ana rabawa a makarantu, amma muddin babu wani ruwan sha da wanka ban da na kanal, yaron zai koma, cutar ma ta dawo. Abin mamaki ne a ce ƙauye yana zaune a bakin ruwa amma yana fama da ƙishirwar ruwa mai tsafta.

Wannan ne ya sa cikin hunturun 2024 mu tara, 'yan makarantar dare ɗaya, muka yanke shawarar taka bakin kanal na kwana uku, daga gindin madatsar Tiga zuwa Kura, don tara abin da za a gyara famfunan tuƙa-tuƙa guda biyu da suka lalace a wata 'yar unguwa ta manoma. Kafin mu sanar da kowa, muka je wurin malaminmu. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, in kuɗin kuke so, me ya hana ku bi gida-gida ku roƙa a asirce? Me ya kawo wahalar da kai da tara idon jama'a?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, mun bi gida-gida bara, abin da muka samu bai sayi bututu ɗaya ba. Mutane sun gaji da masu yawo da takardar neman taimako, ba su kuma san inda kuɗinsu ke zuwa ba. In sun ga mun sa jikinmu, watakila su yarda da gaske muke."

Malam ya yi shiru, sannan ya yi mana karatun da har yau nake juya shi. Ya ce aron dabara daban, aron aƙida daban. Haƙa gwalalo a Madina a shekara ta 5 bayan Hijira shawarar Salmanul Farisi (RA) ce, dabarar yaƙin Farisa ce wadda Larabawa ba su saba da ita ba, aka kuma karɓe ta. Ya tunatar da mu cewa aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yaba wa bayyana sadaka, tare da fifita ɓoye ta idan matalauta za a ba. Ya kawo labarin da ke cikin Sahihu Muslim na mutanen Mudar da suka zo Madina cikin tsananin talauci, aka yi kira a taimaka musu, wani mutumin Madina ya fara kawo jakar da hannunsa ya kusa gaza ɗauka, sai jama'a suka bi bayansa har abinci da tufafi suka taru tsibi biyu. Ya ce wanda ya fara a bainar jama'a don a yi koyi da shi yana da ladan waɗanda suka biyo shi. Daga nan ya gindaya mana sharuɗɗa uku: kada a jinkirta salla saboda tafiya, kada a ɗauki hoton fuskar wani mabuƙaci, kuma kada ko sisin kwabo na jama'a ya shiga abincinmu ko kuɗin motarmu.

Ranar farko sanyi da hazo ne suka fi damunmu, ga faso ya fara tsaga dugadugai tun kafin la'asar. Rana ta biyu muka ratsa gonakin alkama, kore shar har iyakar ganin ido, muka tarar da wasu manoma sun shiga ruwa har ƙugu suna sarar kacala, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa ta hana na ƙarshen layi samun rabonsu. Babu wanda ya biya su, babu mai ɗaukar hotonsu. Wani dattijo daga cikinsu ya tambaye mu inda muka dosa, da muka gaya masa sai ya yi dariya ya ce, "Samari, ai wannan gayya ce kuka sa wa takalmi." Ya kwance bakin zaninsa na ɗamara ya ciro 'yan kuɗi ya miƙa, ya ce kada a rubuta sunansa. Duk cikin abin da muka tara, babu wanda ya yi mini nauyi a hannu kamar nasa.

Maganarsa ta warware mini rabin tambayata. Bahaushe ya san gayya tun kafin a haƙa magudanar Leeds: a taru a nome gonar mara lafiya, a taru a yi wa gwauruwa yaɓe kafin damina. Abin da muka aro bai wuce siffa ba, ruhin abin namu ne. Shayar da ruwa kuwa ba mu buƙatar wani ya koya mana falalarsa. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Sa'adu ɗan Ubada (RA) ya haƙa rijiya a madadin mahaifiyarsa bayan rasuwarta. Zubaida matar Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa wajen jawo ruwa zuwa Makka saboda alhazai, ta kuma gina tafkuna a hanyar da ta taso daga Kufa, har yau ana kiran hanyar da sunanta.

Ɗaya rabin tambayar, wato niyya, shi ne ba ya warwaruwa sau ɗaya. Kowane dare idan muka sauka a masallacin ƙauye, za a buɗe waya a sanar da masu alƙawari nisan da aka taka, saƙonnin yabo kuma su yi ta shigowa. Yabo yana da zaƙi, zuciya kuma tana son zaƙi. A nan na fahimci hikimar sharuɗɗan Malam. Shela tana da amfani matuƙar haskenta yana kan buƙatar, ba a kan mai tafiyar ba. Don haka muka riƙa sa hoton famfon da ya lalace da na hanyar da ke gabanmu, muka bar fuskokinmu. Riya ba a jiran ta ƙare kafin a yi aiki, domin barin aikin alheri saboda tsoron idon mutane shi ma wata kafa ce ta Shaiɗan. Ana yin aikin ne ana sabunta niyya, kamar yadda manomi ke komawa yana yashe hanyar ruwansa duk bayan 'yan kwanaki.

Bayan mun dawo, muka rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, tare da rasiɗin mai gyara, muka manna a ƙofar masallaci muka kuma tura wa duk wanda ya ba da wani abu. Famfunan biyu sun tashi. Mutanen unguwar suka naɗa mutum biyu masu karɓar ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata don sayen roba da sauran kayan gyara, saboda famfo ba ya mutuwa don rashin mai ginawa, rashin mai kulawa ke kashe shi.

Ya ɗan'uwana mai karatu, ba lallai sai ka taka daga Tiga ba. Duba unguwarku: akwai rijiyar da ta rufta, ko ajin Islamiyyar da iska ta yaye wa rufi, ko majinyacin da kuɗin magani ya gagara. Nemi abokai na gari, ku nemi shawarar malami, ku zaɓi buƙata guda wadda ƙarfinku zai kai, ku riƙe amanar kuɗin jama'a, ku bayyana lissafi ko ba a tambaye ku ba. Ƙuruciya da lafiya jari ne da za a tambaye mu a kansu.

Allah Ya karɓa daga gare mu da ku, Ya tsare mu daga riya da son a sani, Ya sanya albarka a ruwanmu da gonakinmu, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin.