Waƙar Da Ba Ta Ga Goggo Ba

Ku matso kusa, wannan magana ba ta tsakar gida ba ce. Ke ƙawata, ɗan tura ƙofar nan, kada ta kai kunnen uwar amarya. Ta kashe kuɗi, ta yi iya ƙoƙarinta, abinci ya wadata, kowa ya tafi yana sa albarka, kuma ba ni da niyyar ɓata mata rai. Ni dai waƙar ce ta tsaya min a wuya, tun ranar nake neman waɗanda zan amayar wa abin da ke cikina.

Kun san mawaƙin, ba sai na kama suna ba. Ina son waƙoƙinsa, suna cikin wayata, ina wanke-wanke ina bin su. Da aka ce shi zai zo wajen dina har ƙagara na yi. Aka ci abinci, aka yanka kek, masu goyo suka fara neman mayafansu, masu holin suka fara leƙowa suna duba agogo, sannan ya shigo da yaransa. Ban riƙe wannan ba, jira ai mun saba da shi a gidan biki. Yaronsa ya miƙa wa DJ filashi, kiɗa ya tashi, shi kuma ya ɗauki makirfo ya fara mamin. Muryar da ke fita daga sifika wadda aka ɗauka a situdiyo ce, har da ta yarinyar da ke masa amshi, ita kuwa ko holin ba ta zo ba.

Ko wannan ma da na haƙura. Abin da ya sosa min rai Goggo ce. Kun san ita ta riƙe amaryar nan tun da aka yaye ta. Ita ta yi mata kitso, ita ta kai ta islamiyya, ita ta yi ta zubin adashi har aka haɗa kayan ɗaki. Tun makonni kafin biki aka rubuta sunayen dangi aka tura wa mawaƙin ta WhatsApp, ya shiga situdiyo ya haɗa waƙar amarya da ango. Wanda ya rubuta sunayen ya manta da Goggo. Da aka zo baitin dangi sai na ga ta miƙe da ƙyar, da ciwon gwiwar nan nata, ta buɗe 'yar jakarta ta fito da sababbin kuɗin da ta sa aka canzo mata, ta tako har gabansa ta tsaya. Aka kira uwa, aka kira uba, aka kira ƙawayen amarya na makaranta ɗaya bayan ɗaya. Waƙa ta wuce. Wata a cikinmu ta je ta raɗa masa a kunne, ya gyaɗa kai, kuma na tabbata da yana da hali da ya saka ta. To ba hali, an riga an rufe waƙar a filashi, ba inda za a tsayar da ita a ƙara mutum. Da ta ƙare ya ce a gaida Goggo, aka yi tafi, amma kun san gaisuwa daban, waƙa daban. Ta liƙa masa kuɗinta duk da haka, ta koma kujerarta. Ba ta ce wa kowa komai ba, har yau.

Na san abin da za ki ce, Yaya, cewa mawaƙin ba shi kaɗai ba ne, haka ake yi yanzu ko'ina. Gaskiya ne, shi ya sa ma ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Makaɗan da muka taso muna ji, waƙarsu ita ce wadda suke yi a gaban mutane. Ko gidan rediyon Kaduna zai ɗauke su, tara su ake yi gaba ɗaya, mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi, a yi ta a zama guda yadda ake yi a dandali. Da finafinan Kano suka kankama a shekarun 1990 sai abin ya juya. Mutum ɗaya da fiyano ya haɗa kiɗan duka, mawaƙi ya shiga ya yi baiti, a tsaya, a gyara, kwamfuta ta daidaita murya inda ta kauce, mai amshi ta zo wata rana daban ta ɗora nata. A fim kuma jarumi ne ke motsa baki a kan muryar wani, muka yi ta kallo har idonmu ya saba. Aka zo ana gala a silima, 'yan fim su hau dandamali su yi mamin, a yi ta ihu ana tafi. Lokacin da mawaƙan da kansu suka fara fitowa fili, sai suka tarar an riga an share musu hanya. Waƙar da ba a taɓa rera ta daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya ba, ba za ta yiwu a gaban jama'a ba sai an zauna an yi gwaji da makaɗa, gwaji kuwa kuɗi ne da lokaci. Filashi yana shiga aljihu, makaɗa biyar sai an nema musu mota da masauki da abinci.

Bari in ba ku labarin wanda ban taɓa mantawa ba, ku ji abin da nake kuka a kai. Ina budurwa aka yi bikin 'yar ƙanin babanmu a Funtuwa. Ranar wuni aka kori maza zaure, aka share tsakar gida, masu kiɗan ƙwarya suka zo suka zauna a tabarma. Ba Barmani Choge ba ce, Allah ya jiƙanta, ko da yake garinta ne. Wasu matan unguwa ne da ba a taɓa sa su a kaset ba. Suka jera ƙorensu a kife, ɗaya kuma aka kifa ta a kan ruwa cikin babban masaki, ita ce mai muryar nan mai kauri da mutum ke ji har cikin ƙirjinsa. Aka fara amada, mata suka ɗaure ɗankwali a ƙugu, tsofaffi ma suka manta da ciwon baya.

Amaryar 'yar fari ce. Uwarta ko sunanta ba ta faɗa, don kunya, kuma tun safe ta shige ɗaki ta saki labule, kamar ba a gidanta ake bikin ba. Ba wanda ya gaya wa zabiyar komai. Ita ta duba ta ga an yi ta liƙi, an yi ta rawa, amma akwai ɗakin da ba a fito ba. Sai ta ɗaga hannu, kiɗa ya sassauta, ta juya ta fuskanci ƙofar nan. Wallahi, 'yan uwa, ba ta ambaci sunan yarinyar ba, ba ta ce mata 'yarki ba, ta san hakan zai ƙara mata kunya. Zagayawa ta yi ta yi. Ta kawo zancen goyo, ta kawo daren da yaro ke zazzaɓi uwa ba ta runtsa ba, ta kawo surfe da daka da ƙuli-ƙulin da aka yi ta soyawa ana tara kwanuka. 'Yan amshinta suna karɓa a hankali, suna jiran su ji inda za ta nufa, don su ma ba su taɓa jin baitin ba. Tsakar gida ta yi tsit, na ga manyan mata suna share ido da bakin mayafi. Can sai labule ya motsa, hannu ya fito riƙe da turmin atamfa. Uwar ba ta fito ba, hannunta kawai muka gani. Guɗar da aka rangaɗa a lokacin har maza suka leƙo daga zaure suna tambaya ko lafiya.

Waƙar nan ba a taɓa yin ta kafin ranar ba, kuma ba a sake yin ta ba. Bambancinta da ta filashi kamar na rigar kanti ne da wadda tela ya auna ka ya ɗinka: ta kantin tana iya fin kyau, amma ba don kai aka yi ta ba.

Haka manyan suke, shi ya sa har yau ba a gaji da su ba. Ku nemo Bakandamiyar Shata a ɗauka biyu daban-daban ku saurara, ba za ku same su iri ɗaya ba. Nan ya ƙara, can ya rage, wani wuri ya tsaya ya bar kalangu ya yi magana, wani wuri ya sako wanda idonsa ya faɗa kansa. Mutumin da ba ya zama ya rubuta waƙa a takarda, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1988, kuma tun da ya rasu a 1999 ba a daina nazarinsa ba. Ɗanƙwairo kuwa, ku lura da 'yan amshinsa. Yana fara magana su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu a kai, kotso na tafiya a ƙarƙashi, ba mai taka ƙafar wani. Wannan ba ya samuwa sai mutane sun yi shekaru suna kiɗa tare har kowa ya san numfashin kowa. In kuma ana ganin sai da tarin kaya da jama'a, ga Ɗanmaraya Jos nan, wanda muka rasa a 2015. Shi kaɗai ne, ba ɗan amshi, ba makaɗi, sai kuntigi mai tsirkiya ɗaya da aka yi da gwangwanin kifi, kuma da shi ya tsaya gaban shugabanni da 'yan tasha, kowa ya yi shiru ya saurara.

Hajiya, na ga kina girgiza kai, kuma kin fi ni gaskiya a nan, don kin riga ni ganin duniya. A da ma ana ɓata wa mutane rai. An sha zama har tsakar dare ana jiran makaɗi. An sha ganin mawaƙi ya liƙe wa mai kuɗi ɗaya, ya yi ta wasa shi har sauran jama'a su fara hamma. Ga maroƙa suna ihu a kan waƙar, ga sanƙira ba ya barin baiti ya kai ƙarshe, ga lasifikar nan mai kamar ƙaho tana ƙara har kunne ya yi zafi. Wanda bai bayar ba kuma ya sha zambo a gaban surukansa. Ni ma na taɓa zuwa kallon wani mai kukuma da nake ƙauna, na tarar muryarsa ta dushe, ya yi ta fama bai kai inda ya saba kaiwa ba, na dawo gida jikina a sanyaye. Amma na ga gumi a goshinsa, na ga yana neman muryar tana ƙi, na ga makaɗansa sun rage kiɗa don su rufa masa asiri. Tausayinsa na ji a ranar. A wajen dinar nan kuwa murya ba ta dushe ba, kiɗa bai kauce ba, komai tsaf, kuma a nan ne na ji an cuce ni.

Mu ma fa da namu, gara mu faɗa tunda mu kaɗai ne. Mu ne muke so waƙa ta fito daidai yadda take a waya, in mawaƙi ya yi da bakinsa ta ɗan bambanta sai a ce ashe bai iya ba, kwamfuta ce ke masa. Wane yaro ne zai yarda a yi masa wannan dariyar a TikTok? Yana fara waƙa kuma mun yanyame shi, masu liƙi ta gaba, masu ɗaukar hoto ta baya, kowa ya ɗaga waya, na zaune ba ya ganin komai sai bayan mutane. Liƙi a da amsa ce: an faɗi abin da ya taɓa ka, ka tashi ka biya, ka koma ka zauna a ci gaba. Yanzu tun kafin a buɗe baki an fara watsa kuɗi, don a gani ake yi, ko an yi waƙa ko ba a yi ba. Ga shi dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, hukuncinta aƙalla wata shida a gidan yari ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 mun ga EFCC ta kai wasu kotu a kan haka. Ni ba tsoron hukuma kaɗai ya sa nake so a rage ba. So nake a matsa a ba mawaƙi fili ya ga fuskokin mutanen da ya zo yi wa waƙa.

Abin bai mutu ba, kada ku ce na yanke ƙauna. Ke Anti da kike zuwa Maraɗi kin ba mu labarin kokowar takobi, wadda Nijar ke yi tun 1975, yadda makaɗa ke tsaye a bakin fili suna zuga 'yan kokowa, ɗan kokowa ya ji an wasa shi tsikar jikinsa ta tashi. A filin dambe ma haka ne, ba wanda zai sa wa ɗan dambe filashi ya ce ya shiga. Can dole makaɗi ya kalli abin da ke faruwa, don bai san wa zai faɗi ba. Akwai kuma matasan mawaƙa da suka fara yawo da masu kalangu, ko ba komai suna kashe kiɗan inji a tsakiya su yi baiti biyu da bakinsu, kuma duk inda aka yi haka za ku ga nan ne wurin ya fi ɗaukar zafi.

Shi ya sa na yanke shawara a kan bikin Auta, in Allah ya kai mu bayan Salla. Dina dai ita da ƙawayenta sun ce sai an yi, ba zan hana su ba, su kira wanda suke so. Sharaɗina ɗaya, duk wanda zai zo a gaya masa tun wajen ciniki cewa baitin dangi da bakinsa zai yi, makirfo a buɗe, ko da muryar za ta yi rawa. Wuni kuwa nawa ne, a tsakar gida za a yi shi, kuma masu ƙwarya nake so. Hajiya, ke kika ce akwai wasu a unguwarku da har yanzu suke fita. Don Allah in kin koma ki tambayo min nawa suke karɓa, su nawa ne za a tanadar wa abinci, kuma ko za su iya farawa da an idar da la'asar, don tsofaffinmu su samu su koma gida kafin magariba.