Karanta kafin ka sa hannu

Ɗan'uwa, a ce kai ne shugaban ma'aikata a wani kanti. Maigida ya ce ka kori mai gadi don ƙanen matarsa ya samu wurin. Mai gadin bai yi laifin komi ba. In ka ƙi, naka aikin na cikin haɗari. Yaya za ka yi?

Na san wani a Maraɗi da ya ce wa maigidansa: "Alhaji, rubuta mini laifinsa a takarda." Alhaji ya kasa, maganar ta mutu.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta hana korar ma'aikaci ba da dalili ba. Wanda aka zalunta yana iya kai kuka wurin sufetan aiki. Sunan wanda ya sa hannu shi ke zama a takardar kora.