Jemagun da ke jikin tulun Sin

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na tarihi ya raba mu rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni hoton wani tsohon kaya, ya ce a rubuto abin da kayan ke faɗa game da mutanen da suka yi shi. Mu biyar rabonmu ya faɗa kan wani tulun tangaran na ƙasar Sin, mai murfi, fari fat, an zane shi da jajayen jemagu suna shawagi cikin gajimare. Dariya muka fara yi. Wa zai ɓata lokacinsa ya ƙawata tulu da jemage, abin da muke jifa da dutse idan ya sauka a bishiyar mangwaro? Muka rubuta cewa ado ne kawai, muka miƙa. Malam ya dawo mana da takardar, ya ce ba mu karanta tulun ba tukuna.

Ashe karanta shi ake yi. A harshen Sinanci, sunan jemage “fu” ne, kuma kalmar albarka ma haka ake furta ta. Mai zane ba zai iya zana albarka ba, sai ya zana abin da sunansa ya yi kama da nata. Jemagu biyar na nufin albarka biyar: tsawon rai, wadata, lafiya, son kyawawan halaye da kyakkyawan ƙarshe. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne wanda aka zana kansa a ƙasa, wanda muka fi yi wa dariya. Kalmar “kifewa” da kalmar “isowa” furucinsu ɗaya ne a wurinsu, don haka jemagen da ya kife yana cewa albarka ta iso. Haka kifi yake tsayawa a madadin yalwa saboda kamannin suna, rumman kuwa, da yawan ƙwayoyinsa, fatan zuriya mai yawa ne. Wanda aka ba irin wannan tulu, addu'a aka miƙa masa.

Da muka bi sawun yadda ake yin sa, sai raini ya ƙara barinmu. Mafi yawan irin waɗannan tuluna daga garin Jingdezhen suke, a lardin Jiangxi. Ana haɗa farin yumɓu da garin wani dutse, a gina tulun, a shafe shi da ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu mai zafin da ya kai kusan digiri 1300. Sai bayan ya huce a yi masa zane da fenti wanda asalinsa garin gilas ne, a mayar da shi wuta karo na biyu, mai sauƙi, wajen digiri 800, don launin ya narke ya kama. Shi ya sa idan aka shafa irin wannan zane ana jin ɗan tudunsa a yatsa. A zamanin Sarki Kangxi, wanda ya rasu a 1722, kore ne ya fi rinjaye. Daga baya ruwan hoda ya karɓe fage, kuma da ɗan zinariya ake haɗa shi. Wani limamin Kirista Bafaranshe, d'Entrecolles, da ya zauna a yankin, ya rubuta a wasiƙarsa ta 1712 cewa kaya ɗaya kan bi ta hannun ma'aikata har saba'in. Mu biyar kuwa mun kasa haɗa shafi biyu ba tare da gardama ba.

Wani tarko da muka kusa sake faɗawa shi ne hatimin da ke gindin tulun. Sunan zamanin sarki ake rubutawa, amma masu yin tangaran na baya sun sha sa sunan sarakunan da suka shuɗe, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don a yaudari mai saye. Saboda haka muka rubuta abin da hatimin ya ce, ba mu rantse da shekarun tulun ba.

Da hutu ya zo, ɗayarmu ta roƙi kakarta ta buɗe mata kabad ɗin jere, inda faɗi-ka-mutu ke zaune tun aurenta ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Na masana'anta ne, ba tsohon kayan fada ba, amma a Sin aka yi su, kuma a tsakiyar wani faranti akwai kifaye biyu. Ta gaya wa tsohuwar abin da suke nufi. Kaka ta karɓi farantin, ta duba da kyau, ta goge shi da gefen mayafinta, ta ce a mayar mata da shi sahun gaba.